Wutar da Na Kunna a Fadamar Zauro

Ranar wata Laraba ce, ƙarshen girbin shinkafa, ina da shekara tara. Ruwan gulbi ya janye daga fadamar Zauro ya bar ƙananan kududdufai, mu 'yan mata muka shiga da ƙore muna kwarfe ruwa, muna kama tarwaɗa da hannu. Fura aka aike ni in kai wa Baba, na aje ta gindin bishiya na manta. Ni na ɗebo garwashi a murhun masu girbi, ni na tara karan shinkafa don mu gasa kifinmu. Sai iska ta juya. Kafin maza su iso da ruwa, tulin dammunan Malam Garba, maƙwabcin gonarmu, ya zama toka. Noman shekara guda ke nan.

Malam Garba ya rantse sai gaban alƙali, kuma tunda ni yarinya ce, Baba za a riƙe. Mai gari ya faɗa wa Baba gaskiya: biya daban, hukunci daban. Ko ya biya, in mai gona bai janye ƙara ba, yana iya shiga gidan yari. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa na ɓuya bayan rumbu da ƙunar da na samu a hannu, ban nuna wa kowa ba.

Baba ya kwashe shinkafarmu kaf, ya ɗora wa jakai, ya sauke a ƙofar gidan Malam Garba. Mutumin bai karɓa ba, bai kuma ce a kwashe ba. Kwana uku dammunan na waje, kaji na tsattsaga. A na huɗu Baba ya kama ni muka tafi, ya ce in durƙusa in faɗi abin da na yi da bakina. Na durƙusa na faɗa. Malam Garba ya daɗe yana duban hannuna da ya kumbura, sannan ya ce, "Ku shigar da rabi, ku maida rabi gida, ɗiya na bukatar tuwo. Maganar alƙali na bar ta." A hanyar komawa na ji Baba yana hamdala a hankali, har muka isa gida bai daina ba.

Sharaɗin Malam Garba ɗaya, in yi masa korar tsuntsaye a shekara mai zuwa. A gonar nan na san ɗansa Umaru, wanda daga baya na aura. Har Umaru ya tsufa, in ya ga na nufi murhu sai ya ce, "A kawo ruwa kusa, Hajara za ta hura wuta." Azumin bara Allah ya karɓe shi. Jikata da ke rubuta mini wannan ta dakata, don kuka ya ci ƙarfina.

Yanzu a birni nake, unguwar Gesse, wurin ɗana, inda ɓarna kaɗan sai 'yan sanda da takardu, mai laifi da mai kaya ba su ko haɗa ido. Shinkafa ta biya shinkafa, amma hannun yarinya da wani ya tsaya ya duba ne ya bar mana ubanmu a gida.