Likitar da Ta Auna Halin Yayana

Ranar Talata, sha huɗu ga wata, wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa da hantsi, bayan jinyar mako uku. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Likita, ba dangi muke ba. Yayana ne ya haɗa mu shekara tara da suka wuce, lokacin da ya turo matarsa daga saman bene, ƙafafunta suka mutu. Kotu ta nemi ki binciki lafiyar hankalinsa. Mu kuwa a gida takarda muke so, wadda za ta ce taɓin hankali ne, a sake shi.

Ofishinki yana can ƙarshen baranda, da fanka mai ƙara, da kujerar baƙi da aka tallafe ƙafarta da tsohon kundi. Ma'aikata suna kiranki Sai-na-duba, don ko yamma aka tambaye ki ta yi, sai kin dubi agogo.

Na zaci hoton ƙwaƙwalwa za ki ɗauka a gama. Kika ce hoto bai isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Kika nuna mini ma'auni mai halaye ashirin, irin su zaƙin baki, yawan ƙarya, rashin tausayi da rashin nadama, kowanne da makinsa. Kika ce ba a cika shi da hira kaɗai, domin mai wannan hali, wanda kuke kira saikofat, ya fi kowa iya hira.

Haka kuwa aka yi. Zama huɗu kuka yi da yayana, har masu gadi suka soma tausaya masa. Ke kuwa kika bi rahotannin makarantarsa da wuraren da ya yi aiki, kika zauna da innarmu, kika je gefen gadon matarsa sau biyu. Rahotonki ya ce hankalinsa ƙalau, ya san abin da ya aikata, bai dai damu ba. Aka ɗaure shi. Innarmu ta daina amsa gaisuwarki, ba ki kuma daina gaishe ta ba.

Bayan wata biyu na komo ofishinki da abin da ya hana ni sukuni. Na ce, "Likita, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ko ni ma haka nake?"

Kika cire tabarau kika ce, "Gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke yanke magana ba. Wa ke kai matarsa gashin ƙashi?"

Na ce ni ne.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Kunyarta nake ji."

Kika ce, "To tashi ka tafi aiki, malam. Wanda muke nema ba ya jin wannan."

Ban taɓa jin kin yanke magana ba tare da buɗe kundi ba sai ranar. A shekarar na yi auren da na daɗe ina gudu. Yau 'ya'yana biyu.

Allah ya jiƙanki, Likita, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da abokan aikinki. Matar yayana ma ta ce in sa sunanta cikin masu addu'a. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, amin.