Gawayin da Baba Almu Ya Binne

Da an sallame sallar asuba a Yargoje, Baba Almu zai ɗaure gorar ruwa a bayan keke, ya saɓa gatari, ya kama hanyar daji. Ko koko ba ya tsayawa sha. Shekara ashirin da uku ya yi yana yin haka, ban da Juma'a da ranakun salla. Shi ne malamin daji mai gadin Fadamar Barewa, gandun da aka keɓe tun zamanin En'e tsakanin ƙasar Kankara da ta Faskari, aka hana noma da saran ɗanyen itace a cikinsa. Inda keke ya gaza sai ya jingine shi a gindin marke ya ci gaba da ƙafa, yana bin turakun siminti na iyaka ɗaya bayan ɗaya, yana duba sawun da ya shiga da wanda ya fita.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka wani ƙungurmin daji ne. Ba haka ba ne. Fili ne shimfiɗaɗɗe, gamba ta kai wuyan mutum, ga ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi, ga duwatsu biyu a gefe ɗaya. A tsakiya akwai tafki da ba ya ƙafewa ko da bazara. Burtalin da shanu ke bi daga arewa zuwa wajen Sabuwa ta bakin tafkin nan ya ratsa. Barewa ta ragu, amma tana nan. Akwai gada, akwai zabin daji, gauraka ma na sauka da kaka. Matan Daudawa nan suke tsintar ƙwarar kaɗanya, masu jinka kuma nan suke yankan ciyawa idan lokacin da aka yarda ya yi.

Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekara shida ina koya wa 'yan aji uku darasin wani lardi na ƙasar Mongoliya. Ina zana masu shi a allo, ina ba su labarin filin ciyawa da ido ba ya ganin ƙarshensa, da makiyaya masu dawaki da tumaki da raƙuma masu tozo biyu, da bukkokin gashin dabba da ake naɗewa a yi gaba, da yadda aka ware wasu wurare don barewarsu ta samu inda za ta sake. Har jinjina kai nake ina cewa mutanen nan sun san darajar ƙasarsu. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa taka Fadamar Barewa ba, alhali tafiyar hantsi ce a keke. Na san sunan tafkin da ke wata duniya, ban san sunan mutumin da ke tsaron namu ba. Abin ya ba ni kunya, har gobe yana ba ni.

Mutumin ba shi da sauƙi, kada in yi maku ƙarya. Ya taɓa ƙwace gatarin surukinsa saboda ya sari kirya ɗanya, suka yi wata biyu ba sa ga-maciji. Amma ku tambayi Ardo Gide, shugaban rugagen da ke sauka gefen gandun, abin da ya faru shekarar babban fari. Ardo ya ce mani, "Malam, shanu na faɗuwa ko'ina, mu namu suka tsaya. Tun kaka Baba Almu ya tara mu muka share layin wuta kewaye da ciyawar, muna yi muna zaginshi a zuci. Da gobara ta zo ta cinye dajin waje, a bakin layin nan ta mutu. Ciyawar da ta rage ita ta kai mu damina."

To, sai kuɗin mai suka ɓarke a ƙasar nan. Kowa ya zama ɗan kwangila, kowane babba na son gonar da ba a zagaya ta da ƙafa. Bara da rani wani mai kwangila ya iso da katafila biyu, wai an ba ubangidansa fili a gefen gandu don noman zamani. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. A makon da Baba Almu ke kwance da zazzaɓi aka tumɓuke turaka goma sha ɗaya aka matsar da su ciki, har tafkin da bakin burtalin suka koma cikin gonar. Da ya miƙe ya je, ya tarar an kwantar da itatuwa, ƙasa ta koma ja, fili fetal.

Mai kwangila ya tare shi da fara'a, ya nuna mashi sabon babur a bayan mota, ya ce tsoho kamarsa bai kamata yana wahala da keke ba. Direbobin katafila na wurin, daga bakinsu na ji amsar.

"Alhaji, na gode, amma keken nan bai taɓa kai ni inda zan ji kunya ba. A mayar da turakun inda aka same su."

Baba Almu ya rubuta ƙara sau uku kafin a turo jami'i daga birni. Ranar da ya zo ina wurin, domin labari ya riga ya game gari. Dagatai biyu sun zo, ga Fulani, ga manoma. Jami'in ya dubi turakun, ya ga suna tsaye daram, ya ce shi bai ga abin da aka taɓa ba, taswirar asali kuma an neme ta a ofis ba a gani ba. Mai kwangila na murmushi yana kaɗa makullin mota.

Baba Almu ya ce, "Ranka ya daɗe, a tona gindin turken nan."

Aka tona har kusan kamu biyu, ba komai sai jar ƙasa. Sai Baba Almu ya juya ya shiga cikin filin da aka share, inda ko kututture bai rage ba. Ya saita dutsen gabas da wata kuka da ke can waje, ya yi ta taku yana motsa baki, mu duka muna biye. Ya tsaya ya dangwara gatari a ƙasa ya ce a tona nan. Fartanya ba ta yi nisa ba sai ga baƙi ya fito: gawayi cike da rami, da fasassun tukwane a kansa.

Tsofaffin wurin suka fara gyaɗa kai, domin sun san abin. Haka kakanninmu ke yin iyakar gona. Dutse ana iya ɗauke shi, itace ana iya sare shi, amma gawayi ba ya ruɓewa a ƙasa, gara ma ba ta cinsa. Ashe tun shekarar da ya kama aiki Baba Almu ya bi kowane turke ya binne gawayi da katangar tukunya a ƙarƙashi, kamar yadda mahaifinsa ke yi a gonarsu. Masu katafila sun ɗauka siminti ne iyaka. Rami goma sha ɗaya aka tona ranar nan, duka goma sha ɗayan suka ba da shaida. Kafin la'asar jami'in ya sa aka mayar da turakun a gaban jama'a, gumi na keto mashi.

Kuna tsammanin lambar yabo aka ba shi? Wata huɗu bayan haka takarda ta zo, wai an yi mashi ritaya saboda tsufa da rashin ladabi ga na gaba. Aka karɓi kakinsa da hularsa. Har yau ba a turo wani a madadinsa ba, katafilolin kuma suna nan a fake a bakin hanyar Daudawa, an lulluɓe su da tamfol. Kowa ya san damina suke jira ta wuce.

Baba Almu, kai ne ka tsaya ranar da masu digiri suka sunkuyar da kai. Kai ne ka ƙi babur kana tura keke mai faci. Tsohon da ba a saya, na gaishe ka. Duk saniyar da ta sha ruwan tafkin nan bana, duk matar da ta dafa man kaɗe daga dajin nan, albarkacinka suka ci. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Na je gaishe shi makon jiya, na tarar yana gyaran ƙotar fartanya a zaure. Na ce mashi abin da aka yi mashi ya ƙona mani rai. Ya ce, "Malam, bar zancen kaki. Ni abin da ke damuna, in sun dawo da rani, wa zai tsaya? Ƙafar nan ta fara gardama."

Tambayar nan tasa ce ta sa nake wannan rubutu. Mutanen Kankara, Faskari da Sabuwa, malamai da manoma da masu shanu, tsoho ɗaya ya riƙe mana tafkin nan shekara ashirin da uku, yanzu saura mu. Wanda ke da alƙalami ya rubuta, wanda ke da ƙafa ya je ya ga turakun da idonsa, ranar da aka yaye tamfol kuma a same mu a bakin ruwa. Wani aboki ya ba ni shawara in ɓoye sunana, wai ni ma ma'aikaci ne, takardar sallama ba ta da wuyar bugawa. Sunana Harisu Mani, ina koyar da aji uku a Kankara, gidana na bayan masallacin Juma'a. Wanda ya buga wa Baba Almu takarda, in ya buga tawa, ya san inda zai kai ta.