Ranar da 'Yan Lakwal Suka Nemi Jirgi a Sama

In dai da raina, ba zan manta da ranar da na kai 'yan ajina kallon jirgin mahaifina ba. Lokacin ina sabuwar malama a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Keita, bayan babban farin da ya ƙafar da tabkinmu. Da wannan kwalekwalen Baba ya yi ƙuruciyarsa yana ƙetarar da 'yan kasuwa. Da ruwa ya tafi, sai aka kife shi bayan gida, kaji suka mai da shi ɗakin kwana.

Yayana mutum ne da ba ya son ganin abu a ajiye. Ya ce ranar Juma'a zai faskara shi a yi ƙyauren rumbu. Tun da Baba ya ji haka, ya daina cin tuwonsa duka. Ni abin ya ci mini rai, ga shi ƙanwa ba ta ja da wa. Sai na ce bari yara su gan shi ko sau ɗaya kafin gatari ya hau shi.

Muna isa na ce, "To, ga jirgin nan." Wallahi duk ajin sai suka ɗaga kai sama, har da masu kare rana da hannu! Su a saninsu jirgi shi ne mai wucewa ta cikin gajimare. Ɗan yayana, wanda aka haifa a gidan, ya dubi katakon ya ce, "Kaka, wanga na jirgi? Ina hiffikenai?"

Baba ya yi dariya har da hawaye, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. Ya sa aka birkice jirgin, ya kwashi yara ya zuba ciki, ya ɗauki gora ya tsaya a baya yana tuƙi a kan rairayi. "Ku zamna daidai," in ji shi, "wanda duk ya hwaɗa, ba ni tsamo shi." Suka ƙanƙame juna kamar da gaske.

Yayana na tsaye bakin zaure yana kallon ɗansa. Can ya ce mini, "Ke, ashe ɗiyanmu ba su san mun taɓa yin ruwa ba?" Juma'ar da ta zo, maimakon faskare, rumfar kara ya kafa wa jirgin. Daga baya wani ya kawo tsohuwar komar kamun kifi, wani ƙugiya, har malaman maƙwabta suka riƙa kawo yaransu. Muka sa wa wurin suna gidan tarihi, da wasa, sunan kuwa ya bi shi.

Tun ranar na gane cewa abin da babba yake gani tarkace, wani lokaci shi kaɗai ne shaidar da ta rage wa yaro. In ka ƙone shi, gobe ko ka rantse ba zai yarda ba.