Muryar Bayan Zaure a Gude

Lokacin da nake digiri na biyu, aikina shi ne in tattaro duk binciken da aka taɓa rubutawa kan yadda matan Gwarzo da Kabo ke adana irin wake, in tace su. Ƙa'idar ba ta da sassauci. Za ka tsayar da tambayarka tun farko, ka gindaya sharuɗɗan abin da za ka karɓa, sannan ka bi rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, wanda ya maimaita wani ka fitar da shi. Malamina ya ce idan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, sai dai in sake shekara. Ni kuwa makaranta ta kai mini wuya.

A wajen tacewar na fara jin wani iri. Marubutan duk maza ne, tsakanin na farko da na ƙarshe an haifi yara har sun yi aure, amma duk wanda ya je ƙauyen Gude sai ya ambaci wata tsohuwa da ta amsa masa daga bayan zaure, tunda baƙo namiji ba ya shiga gida. Maganarta ɗaya ce: a toka take binne iri, cikin tulun da uwarta ta bar mata. Na ɗauka kwafar juna suka yi, na yi ta tsaki. In haka ne dole in zubar da rubuce-rubucensu, shekarata ta tafi a banza.

Sai na hau mota na je Gude da kaina, na isa da azahar. Wani dattijo mai gyaran garma ya nuna mini gidan, ya ce nan ake kai duk mai tambayar iri. Na yi sallama a zaure, muryar tsohuwa ta amsa a hankali, har da tambayar gajiya. Ni mace ce, sai na shige kai tsaye.

Babu kowa. Ɗakunan sun rufta, tafasa ta cinye tsakar gida. Tulu ne kaɗai a gindin katanga, cike da toka, an share kewayensa tas.

Na fito da sauri. Dattijon ya dube ni, ransa a ɓace.

"Malama, shiga kika yi? Ai daga zaure ake mata magana."

Ashe ba kwafa suka yi ba, kowa da kunnensa ya ji. Na bar rubuce-rubucensu a cikin aikin, na kuma ci jarrabawa. Har yau ban sake buɗe shi ba.