Muciyar Magajiya

A unguwarmu ta Ridina, idan aka ce magajiya, goggona ake nufi, yayar mahaifina. Ba rawani, ba dogari. Muciya kawai gare ta, tsohuwa, baƙa ƙirin don hayaƙi. Amma duk gidan Bahaushen da ake biki ko suna, ba a ɗora tukunya sai ta iso, kuma ita ke rabon abinci.

Ni kuwa aikin biro nake yi, wato ofis, bakina ya saba da sunayen shugabanni, su firezidan da direkta. Na taɓa ce mata, "Goggo, ke fa mulki kike yi."

Ta harare ni. "Mulki na Allah ne, 'yar nan. Sarauta ta masu rawani ce. Ni riƙo nake yi, abin da aka riƙe kuwa wata rana sakinsa ake yi."

Da gwiwoyinta suka fara yi mata gardama, ta ce za ta saki muciyar. Wallahi ina so, ba zan ɓoye ba. Sai ta ce in gwada hannuna a bikin wata 'yar uwarmu a unguwar Atrone, ita za ta zauna ta yi kallo.

Na je da takarda da alƙalami, ina ta zuba umarni: ke ga albasa, ke ga wuta, ke daina surutu. Mata sai tsokanata suke, "Ranki ya daɗe, firezidan!" Ni ko a jikina. Kafin la'asar na raba shinkafa da nama gida-gida, an kankare tukwane tas. Kwano ɗaya ya rage, nawa, don mai rabo ita ke ci a ƙarshe.

Goggo na kan tabarma, ta ce, "Ina kwanon matafiyi?"

Sai a lokacin na tuna. Kakanninmu da ƙafa suka taso za su Makka, suka yada zango a garin nan saboda an tarbe su da abinci. Shi ya sa a kowane bikinmu kwanon farko na baƙon hanya ne, ko wane ne. Na san haka tun ina yarinya, amma ban sa shi a takardata ba. Ga kuma wata baƙuwa a bakin ƙofa da goyo, daga Nijar ta zo, tana cigiyar gidan danginta, ƙafafunta buɗu-buɗu.

Kunya ta rufe ni. Na ɗauki kwanona na kai mata, na ce lale. Na dawo na zauna, ciki na ƙugi, ido ya cika da ƙwalla. Na ce a raina shi ke nan, muciya ta wuce ni.

Sai na ji abu a cinyata. Muciyar ce.

Goggo ta ce, "Mantuwa kowa na yi. So nake in ga na wa za ki ɗauka ki cike gurbin. Riƙe."

Mata suka rangaɗa guɗa, har da masu tsokanar ɗazu. Ina kuka ina dariya, sai ta zaro wani ƙaramin kwano daga ƙarƙashin lafayarta, har da tsokar nama biyu.

Na ce, "Goggo! Dama kin san zan manta?"

Ta ce, "Ci, magajiya. Ni ma ranar da aka ba ni, mantawa na yi."