Hannu biyu a allon 'yan gwanjo

Ina kan tsani ina kafa allon da na zana wa 'yan gwanjon kasuwar Matameye, sai wata dattijuwa ta tsaya, rigunan da ta saya wa jikokinta a hannu.

Tambarin hannu biyu ne riƙe da riga ɗaya. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, wanne ne mai bayarwa, wanne ne mai karɓa?"

"Inna, da gangan na daidaita su. Babu na sama, babu na ƙasa."

"To, Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana."

Wallahi sai da na ƙanƙame tsanin. Ni ma da gwanjo mahaifiyata take mana kayan Sallah, ba wanda ya taɓa sani.

Na gode, Inna. Ku fa, wace rigar gwanjo ce ta fitar da ku kunya?