Madam Odile, Mai Naɗa Wardin Siliki

Mai burodi bai gama fito da gashin farko ba Madam Odile Chazal za ta ɗage ƙofar shagonta da ke gangaren unguwarmu a Saint-Étienne. Takan ɗora kofi a wuta, ta jiƙa yatsunta a ruwan ɗumi har su saki, sannan ta jawo kintinkirin siliki. Ta ninka, ta soka allura, ta ja zare, sai ga fure ya buɗe a tafin hannunta. Rozet ke nan, wanda ake maƙala wa saniyar da ta ci gasa, da ƙirjin ango, da motar amarya.

Tun ina yarinya ake gardama a kan sunan nan a shagonta. Firmin mahauci ya ce rozet naman nan ne da yake ɗurawa a hanji ya shanya. Gaspard magini ya ce sam, furen filasta ne da ake yi a silin inda fitila ke rataye.

"Kai ban da cikinka me ka sani?" in ji Gaspard.

"Ka taɓa cin silin ka ƙoshi?" in ji Firmin.

"Ku yi mini shiru, tsofaffin banza," in ji Madam Odile, allura a bakinta. "Duk daga furen wardi aka samo. Kakanninmu suka ɗauki kalmar roz, wato wardi, suka ƙara masa wutsiya, ya zama ɗan ƙaramin wardi. Abin da duk ya zagaye ya yi ganye-ganye sai su kira shi haka, har adon bakin jita da tabon jikin damisa. Naka dai, Firmin, mayunwaci ne ya ga wardi a jikinsa."

Ina kewar wannan hayaniya, kamar yadda nake kewar ƙarar injinan saƙa da muka tashi a cikinta.

Shekarar da aka rufe masaƙar unguwarmu, babu wanda ya shirya wa ma'aikata ko taron sallama. Madam Odile ta je ta roƙi kintinkirin ƙarshe da ya sauka daga inji. Ranar rufewa ta tsaya a bakin ƙofa cikin yayyafi da kwando, duk wanda ya fito ta maƙala masa rozet. Babana, Léon, ya kauce.

"Odile, ni saniya ce? Wace gasa na ci? Korata aka yi."

"Tsaya cik, Léon, kar in soke ka. Manya na da nasu ɗan jan rozet na lambar girma a kwat, na tsayuwa gaban kyamara. Wannan silikin kai ka saƙa shi."

Baba ya sunkuyar da kai ya shafa silikin, ya gane saƙarsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Mun yi tsoron zaman gida zai karya shi, amma duk Lahadi sai ya sa kwat ɗinsa da rozet, ya fita wurin abokan aikinsa kansa a ɗage. Da shi aka binne shi.

Ke ce, Madam Odile, kika sallami mazan unguwarmu da mutunci ranar da kowa ya juya musu baya. Uwar wardin da ba ya bushewa! Ba a taɓa maƙala miki ko ɗaya ba.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shago. Sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu, masu shirya gasa kuma sun koma sayen na roba. Makon jiya na je gaishe ta, na ga allura ta suɓuce mata, ta kasa tsinta. Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Ke, 'yar Léon, naki yatsun na ado ne? Zo ki zauna."

Na naɗa rozet na farko a rayuwata. Ta juya shi, ta taɓe baki.

"Kabeji kika yi. Gobe ki dawo."

Mun gode, Madam Odile, har da waɗanda ba sa nan balle su faɗa da bakinsu. Ku kuma 'yan unguwa, kar ku jira sai an rufe ƙofa ku fara yabo. Na koma, ina kuma komawa. Kujerar da ke kusa da tawa babu kowa a kai.